Shari'ar Turakun Wayar Salula: Hukumar Gari Na Iya Hanawa, Amma Sai Da Dalili A Rubuce

 Akwai wata jayayya da ta daɗe tana kai da komowa gaban alƙalan ƙasar Amurka, tun daga shekarar 1996, game da dogayen ƙarafan nan da kamfanonin wayar salula ke kafawa cikin garuruwa, waɗanda a ke kira turakun sadarwa, jama'a kuma su ce ƙarfen sabis. Tushen jayayyar tambaya ce guda: in kamfani ya zaɓi wuri ya ce nan zai kafa turkensa, hukumar gari kuwa ta ce ba ta yarda ba, maganar wa za a bi? Amsar da shari'ar ƙasar ta tsaya a kanta ta isa a saurara. Ta bar wa hukumar gari ikon hanawa, amma ta ɗaure ikon da sharaɗi mai nauyi, watau duk wanda ya hana sai ya faɗi dalilinsa a rubuce, da hujja, kuma cikin lokaci.

Asalin Jayayya

Wayar da ke aljihun mutum ba ta iya kai magana nesa da ƙarfin kanta. Iyakarta ta miƙa murya ga turke mafi kusa, shi kuma ya miƙa gaba. In turke ya yi nisa, ko tudu ko dogon gini ya shiga tsakani, sai magana ta riƙa yankewa. Kuma kowane turke yana da iyakar yawan wayoyin da zai ɗauka a lokaci guda, kamar yadda jirgin fito ke da iyakar kayan da zai haye da su. Saboda haka inda mutane suka fi yawa, nan ne kamfani ya fi bukatar turke, ko da tsakiyar gidajen kwana ne.

To, a nan bukatu suka ci karo. Kamfani yana son wurin da zai gamsar da masu sayen hajarsa. Mai fili yana son kuɗin haya, wanda a kan biya shi shekara da shekaru. Maƙwabta kuwa, waɗanda ba su da rabo cikin kuɗin hayar, su ne za su tashi kullum su ga ƙarfe tsaye bisa kansu, suna tsoron kada darajar gidajensu ta faɗi, waɗansu kuma suna tsoron lafiyarsu. Malamai sun san irin wannan mas'ala cikin babin cutar da maƙwabci, kamar mai buɗe taga ta leƙa gidan wani, ko mai gina tanderu hayaƙi ya addabi na kusa da shi. Mutum yana aiki cikin mulkinsa, amma illar aikin tana tsallake katanga.

Abin da ya ƙara wa al'amarin wuya shi ne hukuma biyu ce ke da hannu a ciki. A Amurka tsara gari aikin hukumomin garuruwa ne da na gundumomi, su ke cewa nan unguwar kwana ce, can ta kasuwa, can kuma ta masana'antu, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar musu da wannan iko tun 1926, cikin shari'ar wani gari mai suna Euclid. Amma iskar da maganar waya da ta rediyo ke bi tana hannun Gwamnatin Tarayya, wadda ta kafa Hukumar Sadarwa ta Tarayya, watau FCC, a 1934, domin ta riƙa rabon iskar da ba da lasin. Turke kuwa gindinsa yana cikin ƙasar gari, kansa yana cikin iskar Tarayya. Kowace hukuma ta kama gefen da ke kusa da ita ta ce nata ne.

Dokar 1996 Da Sharuɗɗanta

Da wayar salula ta fara yaɗuwa, kamfanoni suka kai kuka Majalisar Dokokin Tarayya cewa garuruwa suna tare musu hanya. Aka yi shawarar a karɓe ikon gaba ɗaya a danƙa wa FCC, amma Majalisa ba ta bi wannan ba. Dokar Sadarwa da Shugaba Bil Kilinton ya sa wa hannu ran 8 ga Fabrairu, 1996, ta faɗa cikin sashe na 704 cewa ikon hukumar gari bisa wurin kafa turke da gininsa yana nan yadda ya ke, sai dai da sharuɗɗa biyar.

Na farko, kada hukumar gari ta nuna bambanci marar dalili tsakanin kamfanoni masu aiki iri ɗaya. Na biyu, kada ta haramta aikin wayar salula a ƙasarta, ko ta yi abin da ƙarshensa haramtawa ne ko da ba ta ambaci kalmar ba. Na uku, ta amsa takardar neman izini cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Na huɗu, in za ta hana, hanin ya zama a rubuce, kuma ya dogara bisa hujja mai ƙwari da ke cikin rubutattun takardun zaman. Na biyar, ba ta da ikon hanawa saboda tsoron tururin da ke fita daga na'urar, muddin na'urar ba ta ƙetare ma'aunin da FCC ta ajiye ba. Sa'an nan dokar ta ba wanda aka hana kwana 30 ya kai ƙara, ta kuma umurci kotu ta gaggauta sauraronsa.

Lafazin dokar gajere ne, amma kusan kowace kalma a cikinsa ta haifi shari'a. Mene ne lokacin da hankali zai ɗauka, kuma wa zai ƙayyade shi? In an ce a rubuce, hukuncin kaɗai a ke nufi ko har da dalilinsa? Waɗannan su ne suka kai manyan lauyoyi har Kotun Ƙoli.

Shari'ar Garin Roswell

Roswell gari ne a jihar Jojiya, arewa da birnin Atlanta. A watan Fabrairu na 2010 kamfanin T-Mobile ya nemi izinin kafa turke mai tsawon ƙafa 108 a wani fili marar gini cikin unguwar kwana. Dokar garin ta ce turken da za a kafa a irin wannan unguwa sai an ɓad da kamarsa, ya yi kama da itace ko hasumiyar agogo ko makamancin haka, don haka kamfani ya ce zai yi nasa da siffar itace, da rassa da ganyen ƙarya. Ma'aikatan tsara gari suka duba takardar, suka ba da shawarar a yarda bisa waɗansu sharuɗɗa uku.

Ran 12 ga Afrilu majalisar gari ta zauna, mutanen unguwa suka taru, aka yi awa biyu ana muhawara. Wakilan majalisa kowa ya faɗi abin da ke ransa. Wani ya ce turken bai dace da kamannin unguwar ba, wani ya ce sauran kamfanoni suna samun sabis a wurin ba tare da wannan turke ba, wani ya kawo zancen darajar gidaje. Daga ƙarshe duk suka haɗu bisa hanawa. Bayan kwana biyu aka aika wa kamfani wasiƙa gajeriya, tana cewa an ƙi bukatarsa, in yana son bayanin zaman ya nema wurin akawun gari. Ba a ambaci dalili ko ɗaya a cikinta ba. Cikakken bayanin zaman kuwa bai fito ba sai bayan kwana 26, watau saura kwana huɗu wa'adin kai ƙara ya cika.

Kamfani ya kai ƙara, kotun farko ta ba shi gaskiya. Gari ya ɗaukaka, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukunci ta ba gari. Aka dangana da Kotun Ƙoli, wadda ta yanke ran 14 ga Janairu, 2015, alƙalai shida a gefe guda, uku a ɗayan. Joji Sonia Sotomayor ce ta rubuta hukuncin masu rinjaye. Ta ce tun da ya ke doka ta ɗora wa kotu duba ko hani ya dogara bisa hujja mai ƙwari, to lalle ne gari ya faɗi dalilansa, domin alƙali ba ya iya auna hujjar dalilin da ba a gaya masa ba. Ba tilas ne dalilan su kasance cikin wasiƙar kanta ba, ana iya sa su a wata takarda dabam, kuma ba tilas ne su yi tsawo ba. Amma wajibi ne su zama a rubuce, a sarari, kuma su fito kusan lokaci ɗaya da wasiƙar hani. Jinkirin kwana 26 ya saɓa wa doka, don ya bar mai ƙara cikin duhu alhali kwanakinsa suna ƙarewa.

Babban Joji John Roberts yana cikin waɗanda ba su yarda ba, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce abin da doka ta ambata shi ne hani a rubuce, kuma gari ya rubuta. Ba ta ambaci ranar da za a fid da dalilai ba, saboda haka kotu ta ƙara wa doka abin da Majalisa ba ta sa ba. Ya kuma nuna cewa kamfanin ya halarci zaman, har ya kawo mai rubuta masa duk abin da aka faɗa, don haka bai jahilci dalilan ba. Abin da ya ji tsoro shi ne kada ƙaramin gari, wanda ba shi da lauyoyi irin na babban kamfani, ya faɗi shari'a saboda kuskuren takarda alhali dalilinsa na ƙwarai ne.

A lura fa, Kotun Ƙoli ba ta ce mutanen Roswell sun yi kuskure da suka ƙi turken ba, ba ta kuma ba da umurnin a kafa shi ba. Ta mayar da shari'ar ƙasa a duba abin da ya kamata a yi. Laifin da ta kama garin da shi na riƙe dalili ne har lokaci ya ƙure.

Hani Ta Hanyar Jinkiri

Duk ɗan kasuwa ya san akwai hanin da ba a furtawa. Ana karɓar takardarka da fara'a, a ce ka dawo jibi, jibi ta zama wata, wata ya zama shekara. A 2008 ƙungiyar kamfanonin wayar salula, mai suna CTIA, ta kai wa FCC kuka cewa cikin takardun neman izini fiye da 3,300 da ke jiran amsa, fiye da 760 sun haura shekara guda, fiye da 180 kuma sun haura shekara uku. A watan Nuwamba na 2009 FCC ta ƙayyade wa'adi: kwana 90 in na'ura ce za a ɗora bisa turken da ke tsaye, kwana 150 in sabon turke ne. In wa'adi ya cika ba amsa, kamfani yana iya kai ƙara, gari kuma yana iya kawo uzurin da ya sa ya makara, alƙali ya duba.

Garuruwan Arlington da San Antonio na jihar Tekzas suka ƙi yarda. Suka ce Majalisa ba ta ba FCC ikon fassara wannan sashe ba, kuma ba daidai ba ne hukuma ta zama ita ce mai auna iyakar ikon kanta. Ran 20 ga Mayu, 2013, Kotun Ƙoli ta ba FCC gaskiya, shida da uku, Joji Antonin Scalia ya rubuta. Ya dogara bisa wata ƙa'ida da kotun ta kafa a 1984 cikin shari'ar Chevron, wadda ta ce in lafazin doka ya zo da harshen damo, alƙali ya bi fassarar hukumar da aka danƙa wa aiki da dokar, muddin fassarar mai ma'ana ce. A nan ma Babban Joji Roberts ya saɓa, ya ce alƙali ne ya kamata ya fara tabbatarwa ko an ba hukuma ikon, kafin ya saurari fassararta.

Bayan shekara goma sha ɗaya zamani ya juya. Ran 28 ga Yuni, 2024, cikin wata shari'a ta masunta mai suna Loper Bright, Kotun Ƙoli ta rushe ƙa'idar Chevron ɗin, kuma Roberts ne da kansa ya rubuta hukuncin. Ya ce fassara doka aikin alƙali ne. Amma ya ƙara da cewa rushewar ba ta warware hukunce-hukuncen da aka riga aka yanke bisa tsohuwar ƙa'ida ba. Ma'anar wannan ga garuruwa ita ce wa'adin da aka tabbatar bai faɗi saboda wannan hukunci ba, amma duk sabuwar fassarar da FCC za ta kawo, alƙali zai auna ta da ma'aunin kansa.

Zancen Diyya Da Kuɗin Haya

Akwai wani hukunci da ya sauƙaƙa wa garuruwa, wanda ya riga waɗannan. Wani mutum a garin Rancho Palos Verdes na jihar Kalifoniya, da aka hana shi yin kasuwanci da eriyar da ya kafa a gidansa, ya nemi gari ya biya shi diyya da kuɗin lauya. A watan Maris na 2005 Kotun Ƙoli ta ce hanyar da dokar 1996 ta buɗe ita ce ta gaggauta gyara hukunci, ba a haɗa ta da dokar da a ke neman diyya da kuɗin lauya a ƙarƙashinta. Da an yanke akasin haka, da ƙananan garuruwa sun riƙa amincewa da kowace takarda don tsoron kada shari'a ɗaya ta cinye baitulmalinsu.

Amma ta wani gefen ikon gari ya yi ta raguwa. A 2012 Majalisa ta yi doka cewa in kamfani yana son ƙara na'ura ko musanya ta bisa turken da ke tsaye, ba tare da girman turken ya sake ƙwarai ba, gari ba shi da ikon ƙi. A 2014 FCC ta ce irin wannan takarda in ta kwana 60 ba amsa, a ɗauka an yarda. Gundumar Montgomery ta jihar Maryland da waɗansu suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta kore ta a 2015.

Sa'an nan sabon tsarin waya da a ke kira 5G ya zo da ƙananan na'urori masu yawa, waɗanda a ke maƙalawa jikin turakun fitilar titi da na wutar lantarki. Da yawa daga cikin waɗannan turaku da titunan mallakar gari ne, sai garuruwa suka ce su masu haya ne, za su yanka kuɗi yadda kasuwa ta kama. A watan Satumba na 2018, zamanin da Ajit Pai ke shugabancin FCC, hukumar ta ce kuɗin da gari zai karɓa kada ya wuce kimanin abin da ya kashe wajen aikin. Ta ajiye adadin da ta ce in an tsaya a kansa ba gardama: dala 500 kuɗin takarda ɗaya mai ɗauke da na'ura har biyar, dala 100 ga kowace ƙari, dala 1,000 in sabon turke ne, da dala 270 a shekara ga kowace na'ura. Ta kuma rage wa'adi zuwa kwana 60 da kwana 90.

Garuruwa masu yawa suka haɗu suka kai ƙara, birnin Portland ne sunansa ke kan takardar. Ran 12 ga Agusta, 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da zancen kuɗi da na wa'adi. Amma ta soke wani yanki na umurnin inda FCC ta taƙaita ikon gari bisa kamannin na'ura da kyan gani, ta ce a wani wurin hukumar ta wuce abin da doka ta faɗa, a wani wurin kuma ba ta bayyana dalilinta ba. Garuruwa suka nemi Kotun Ƙoli ta saurare su, ta ƙi a watan Yuni na 2021. Attajirai za su gane nauyin wannan hukunci: an ce wa mai rumfa ya ba da hayarta, amma kada ya ci riba.

Ma'aunin Ya Koma Kan Mai Aunawa

Sharaɗi na biyar, watau na tururi, shi ne ya fi ɓata wa jama'a rai. Sau da yawa abin da ke tara mutane a zauren majalisar gari tsoron ciwo ne, amma shi ne dalilin da doka ta hana gari ya dogara da shi. Hikimar Majalisa ita ce kada kowane gari ya ajiye ma'auninsa na lafiya, a sami ma'auni dubu cikin ƙasa ɗaya. Sai dai wanda ya karɓe magana daga bakin mutane ya ɗauki nauyin yin ta a madadinsu. Ma'aunin da FCC ke aiki da shi na 1996 ne, kuma a watan Disamba na 2019 ta ce ta duba, ba ta ga abin sakewa ba.

Waɗansu ƙungiyoyi suka kai ta ƙara. Ran 13 ga Agusta, 2021, kotun ɗaukaka ƙara da ke birnin Washinton ta yanke, alƙalai biyu da ɗaya, cewa hukumar ba ta ba da gamsasshen bayani ba. Kotun ta karɓi bayaninta game da ciwon daji, amma ta ce game da sauran illolin da masu ƙara suka kawo takardu a kansu, da abin da ya shafi yara, da daɗewa kusa da na'ura, hukumar ta yanke ba tare da ta nuna yadda ta auna hujjojin ba. Kotun ba ta ce tururin yana cutarwa ba, ba ta kuma soke ma'aunin ba. Ta mayar wa hukumar da aikinta ta ce ta zo da dalili. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: laifin da aka kama ƙaramin garin Roswell da shi a 2015, shi aka kama babbar hukumar Tarayya da shi a 2021.

Yadda Abin Ya Ke A Nijeriya

Wannan jayayya ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, inda wayar salula ta fara yaɗuwa a 2001, domin a nan ma iska da ƙasa ba hannu ɗaya su ke ba. Tsarin mulkin 1999 ya sa al'amarin waya cikin abubuwan da Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma dokar 2003 ta danƙa kula da shi ga Hukumar Sadarwa, NCC. Amma dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin karkara, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke, cikin ƙarar da jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, cewa tsara gari aikin jiha ne. Da Legas ta yi doka a 2004 ta kafa hukumar da za ta kula da turaku ta karɓi kuɗi a kansu, ƙungiyar kamfanonin waya, ALTON, ta kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ba kamfanoni gaskiya a 2007, ta ce jiha ta shiga hurumin Tarayya.

Har hukumomin Tarayya biyu sun saɓa wa juna. Ƙa'idar NCC ta 2009 ta ce a bar tazarar mita 5 tsakanin turke da gidan maƙwabci, ta hukumar kare muhalli, NESREA, ta 2011 ta ce mita 10, har a 2012 aka ga ɗaya ta rufe wani turke a Abuja, ɗayar ta je ta buɗe. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umurnin da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke tsarewa. Wanda ya duba waɗannan zai ga yawancin rigimar ta tsaya ne bisa wa ke da iko da wa zai karɓi kuɗi, alhali abin da ya fi damun maƙwabcin turke shi ne a gaya masa dalilin da ya sa aka yarda, abin da ya fi damun kamfani kuma a gaya masa dalilin da ya sa aka rufe.

Abin Lura

Masu cewa a bar wa gari dukan iko suna da hujja, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, kuma ma'aikacin da ke zaune a babban birni bai san wane fili ne makarantar yara ke kusa da shi ba. Masu cewa a ba Tarayya su ma suna da tasu, domin waya hanya ce, in kowane gari ya datse nasa yanki, ba mai isa inda za shi, kuma marar lafiya da ke neman taimako da dare da falke da ke jiran labarin farashi su ne za su sha wahala. Abin da shari'ar Amurka ta yi shi ne ta ƙi danƙa wa ɗayansu ikon da ba a tambayarsa. Ko da ya ke rabon gari ya ragu a 2012 da 2018, asalin ikonsa na ƙin sabon turke yana nan.

Saboda haka mutanen unguwar da ba su son turke kusa da su, abin da ke amfaninsu gaban alƙalan can shi ne su zo da abin da za a rubuta: awon tsawon turken da na gidajen da ke kewaye, da hoton yadda zai tsaya, da wani wurin da ya fi dacewa wanda kamfani bai duba ba. Yawan taro da ɗaga murya ba su shiga takardar shari'a. Hukumar gari kuma in ta hana, ta rubuta dalilinta ran da ta hana, ta miƙa wa wanda ta hana. Kamfani shi ma, a gaban waɗansu kotuna, sai ya nuna cewa akwai giɓi na gaske cikin sabis ɗinsa, kuma ya nemi wurin da ya fi sauƙin illa bai samu ba. Amfanin rubutu a nan shi ne amfaninsa cikin ciniki: yana tsare mai gaskiya ran da aka yi musu, yana kuma sa mai iko ya yi tunani kafin ya sa hannu, don ya san wani zai karanta bayansa.

Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya ba talakawa sanin haƙƙinsu.